Mai tsara ɗakin yara da ta fara aikinta a durƙushe

Matar da ta tsara ɗakin ɗana Walid ta san aikinta, kuma duk uwar da ta tambaye ni zan ce mata ta nemi irinta. Ba zan kama sunanta ba, domin a maganata akwai yabo akwai ƙorafi, ƙorafin kuma na riga na faɗa mata ido da ido. Abin da nake so iyaye su ji shi ne me ake samu idan an ɗauko mai wannan sana'a, da kuma inda ya kamata uwa ta tsaya kai da fata ta ce a'a.

Walid shekararsa biyar. Ɗakinsa bai rasa komai ba, akwai gado da sif da durowa, kayan wasa har sun yi yawa, bango kuma cike da hotunan dabbobi da haruffa. Duk da haka yaron ba ya son ɗakin. Da dare sai an sha lallashi kafin ya kwanta, tsakar dare kuma mu ji shi yana tura ƙofarmu. Da safe kuwa ba abin da ake ji sai "Mama, ɗauko mini riga", "Mama, ina takalmina", "Mama, kunna mini wuta". Na safen ya fi damuna, don na fara lura yaron yana ɗaukar kansa wanda ba ya iya komai sai an yi masa. Ko abin da na san ya iya, sai ya tsaya yana jira.

Tsarin aikinta mai sauƙi ne. Tana zuwa ta zauna da iyaye ta yi tambayoyi: ƙarfe nawa yake kwanciya, me yake tsoro, a ina yake wasa, wa ke shirya shi da safe. Daga nan ta yi awo, ta kawo zanen ɗakin a takarda tare da jerin abin da za a sauya, ta zo da kafinta da mai fenti, bayan an gama kuma ta dawo ta ga yadda yaro ke zama a ciki. Wannan duk mai tsara ɗaki zai iya yi. Abin da ya bambanta ta shi ne yadda ta yi awon.

Da muka shiga ɗakin, sai ta cire takalmi ta durƙusa a kan gwiwoyinta, ta zagaya shi a haka tun daga bakin ƙofa har gindin taga. Ta kira Walid ta ce ya miƙa hannu sama iya ƙarfinsa, ta ɗora tef ta auna, ta yi alama a bango da fensir. Sannan ta ce, "Walid, kunna mini fitila mana." Ya yi ɗage, yatsunsa suka tsaya ƙasa da makunnin. Ta ce ya ɗauko mata rigar da ya fi so. Ya buɗe sif ya ɗaga kai yana kallon rigunan da ke rataye can sama, ya ce, "Anti, sai Mama." Ta ce ya nuna mata fuskarsa a madubi, tsakiyar kansa kawai ya fito. Ba ta ce masa komai ba, ta gode masa, ta juyo wurina ta ce, "Maman Walid, ɗakin nan ai naki ne. Shi baƙo ne a ciki."

Maganar ta shige ni, domin gaskiya ce tsagwaronta. Duk abin da ke cikin ɗakin an sa shi ne daidai hannun babba. Kuma ba sabon tunani ta zo da shi ba, ita da kanta ta faɗa. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya, da ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a unguwar San Lorenzo ta birnin Roma a Janairun 1907, cikin abubuwan da ta fara yi har da sa a ƙera tebura da kujeru marasa nauyi daidai tsawon yara, waɗanda za su iya ɗauka da kansu, da kabad-kabad na ƙasa da hannunsu ke kaiwa. Dalilinta shi ne yaro yana koyon dogaro da kai ne ta hanyar yi, kuma ba zai yi ba idan wurin ya fi ƙarfinsa. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma har yau yawancin ɗakunan yara na manya ne da aka manna wa hotuna masu launi.

Alamar fensir ɗin nan ita ta zama ma'aunin komai. Kafinta ya sauko da sandar rataye kaya ta cikin sif zuwa ƙasa da alamar, aka mayar da saman sif wurin ajiyar abin da ba a bukata kullum. A bayan ƙofa aka kafa maratayi guda uku, na jakar makaranta da na tawul da na rigar barci. Madubi ya sauko har yana ganin kansa daga kai zuwa ƙafa. Babban akwatin da muke zuba kayan wasa a ciki ta ce a fitar da shi, domin yaro ba ya samun abin da yake nema a irinsa sai ya kife shi gaba ɗaya. A madadinsa aka yi kanta mai hawa biyu a buɗe, da ƙananan kwanduna, kowane da hoton abin da ke cikinsa a manne a gaba, tunda bai iya karatu sosai ba tukuna. Littattafansa kuma aka jera su suna kallon gaba a wata siririyar kanta, bangon littafi yake gani, ba gefensa ba. Wannan ƙaramin abu ya ba ni mamaki, littattafan da ya manta da su duk ya koma yana ɗaukowa.

Ta kuma ce kada a rataya masa kaya da yawa a sandar. Kala biyu ko uku da suka dace da ranar sun isa, ya zaɓa da kansa. Idan zaɓi ya yi yawa yaro rikicewa yake yi, idan babu zaɓi kuma bai koyi yanke shawara ba. Yanzu da safe shi yake shiryawa. Wata rana ya fito da riga a juye, wata rana maɓallan sun saɓa, amma yadda yake tsayawa a gabana yana cewa "Mama, duba, ni na sa" ya fi mini gyaran riga muhimmanci. Ko shimfiɗar gado ta yi tunani a kai, ta ce a cire katon bargon da ke rinjayarsa a sa mayafi mara nauyi wanda zai iya ja ya daidaita. Gyaran gadon nasa a karkace yake, ni kuma na daina bi ina sake gyarawa a gabansa, kamar yadda ta roƙe ni.

Na so gado mai hawa biyu, shi ma Walid ya so. Ta ƙi, ta ce ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta yarda yaron da bai kai shekara 6 ba ya kwana a hawan sama, saboda faɗowa. Ta sa aka rage ƙafafun gadon da yake da shi, har idan ya zauna a baki tafin ƙafarsa na taɓa ƙasa, aka kuma matsar da shi kusurwa, bango ta kai bango ta gefe ɗaya, inda yana kwance yana ganin ƙofa. Ban yi gardama ba.

Inda ta fi burge ni shi ne batun haske, kuma a ganina nan ne rabin aikin yake. Ta ce ziyarar rana ba ta isa ba, sai ta ga ɗakin da duhu. Ta dawo da almuru, ta kwanta a gadon Walid daidai inda yake sa kansa, ta ce in kashe fitila in bar ƙofa yadda muke barinta. Ta ɗan jima shiru, sannan ta ce in zo in kwanta in gani. Hasken da ke shigowa ta ƙofa yana bugun wata rigar sanyi da ke rataye a jikin sif, inuwarta ta miƙe a bango doguwa mai kafaɗu, idan fanka na juyawa kuma hannun rigar ya riƙa motsi. Walid ya sha gaya mana akwai mutum a ɗakinsa, muna ce masa babu kowa, ya yi barci. Ashe yaron abin da yake gani yake faɗa. Aka cire rigar daga nan, aka sauya wa hasken hanya, maganar mutum a ɗaki ta wuce.

Ta ciro ƙwan fitilar silin ta nuna mini lambar da ke jikinsa, 6500K, wato farin haske mai kama da na tsakar rana. Ta sauya shi da mai 2700K, wanda haskensa ke da ɗan ruwan ɗorawa, mai laushi a ido. Bayaninta shi ne idan duhu ya yi jiki yana fitar da sinadarin melatonin da ke shirya mutum barci, haske mai ƙarfi kuma, musamman fari mai shuɗi-shuɗi, yana danne shi. Yara sun fi manya jin wannan, saboda idonsu ya fi garau, ƙofar da haske ke bi ya shiga cikinsa kuma ta fi faɗi. Masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Boulder sun gwada hakan a kan yara 10 'yan shekara 3 zuwa 5, suka wallafa a 2018: awa ɗaya a cikin haske mai ƙarfi kafin lokacin kwanciya ya rage musu melatonin da kusan kashi 88 cikin ɗari, kuma ko bayan an kashe fitilar bai dawo nan take ba. Yaran ba su da yawa, amma abin da aka gani ya yi daidai da abin da nake gani a gidana, yaro ya fito daga wanka cikin farin haske tar, ana ce masa ya yi barci, shi kuwa idonsa biyu.

Bayan ƙwan silin, ta sa ƙaramar fitila a gefen gado mai makunni babba wanda yake dannawa yana kwance. Ta nanata cewa wannan fitilar tasa ce, kada wani ya kashe masa ko ya kunna masa. Na ga hikimar daga baya. Yaron da ya san haske na hannunsa ba ya tsoron duhu kamar wanda sai ya yi kuka a zo a kunna masa. Sau da yawa ma ba ya kunnawa, ya dai ɗora hannu a kan makunnin har barci ya ɗauke shi. Sai wata 'yar fitila mai dishi-dishi, launin ja-ja, da aka sa can ƙasa kusa da ƙofa don hanyar banɗaki, a inda ba ta jefa inuwa a bango. Labule ta sa mai kauri, kuma ta cire tsohon mai igiyar ja, ta ce igiya mai lanƙwasa a ɗakin ƙaramin yaro haɗarin shaƙewa ce. Waya da talabijin kuwa ta ce ba su da wuri a ɗakin ko kaɗan.

A kan kayan wasa mun ɗan ja. Ita tana so a bar kaɗan ƙwarai a kanta, sauran a ɓoye, a riƙa sauyawa lokaci-lokaci. Hujjarta binciken Jami'ar Toledo ta jihar Ohio ne na 2018, inda aka bai wa yara 36 kayan wasa 4 a wani zama, 16 a wani zaman, aka ga sun fi daɗewa da kowane abu kuma sun fi ƙirƙirar hanyoyin wasa da shi idan guda 4 ne. Na yarda da tushen maganar, kuma tun da aka rage ɗakin ya daina zama kaca-kaca, shi da kansa yana iya kwashewa kafin kwanciya tunda abin bai fi ƙarfinsa ba. Amma yaran wancan bincike 'yan wata 18 zuwa 30 ne. Ɗan shekara biyar ya san kayansa ɗaya bayan ɗaya, yana da tarihi da kowanne. Ta ware wata mota mai ƙafa uku da fentinta ya goge a cikin kayan fitarwa, Walid ya tsaya a kanta idonsa ya ciko. Na ce, "Malama, wannan kam ba za ta fita ba." Ta ce ta lalace. Na ce shi bai ga lalacewarta ba. A ƙarshe muka zauna da shi ya ware da kansa, abin da zai zauna, abin da zai huta a saman sif, abin da zai bayar. Ya bayar da fiye da yadda na zata. Mai aikin da ke wa'azin a ba yaro iko da ɗakinsa bai kamata ta yanke wannan hukunci a bayan idonsa ba, kuma na gaya mata haka. Ta karɓa da kyau.

Bango ma ta sauke kusan duk abin da ke jikinsa. A nan ban yi musu ba. A 2014 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon sun koyar da yara 24 'yan ajin share fage a aji mai cike da ado da kuma aji mara ado, aka ga a mai adon hankalinsu ya fi rarrabuwa kuma sun fi ƙarancin fahimta. Aji daban ɗakin kwana daban, amma idon da ake so ya huta ba ya bukatar haruffa da zakuna da jirage a gabansa. Bangon da yake kallo yana kwance aka bar shi fili. A ɗaya gefen aka kafa allon katako daidai tsawonsa, da 'yan maƙalai, inda yake maƙala zanen da ya yi. Shi ke sawa shi ke cirewa. Duk baƙon da ya zo gidan sai ya ja shi ya nuna masa.

Launi kuwa, a ganina ta ba shi muhimmancin da ya wuce nasa. Ta daɗe tana bayanin cewa shuɗi mai haske da kore-kore suna kwantar da zuciya, ja kuma yana tayar da ita, kamar fenti ne zai yi renon. Walid ja yake so, ba ya son jin wani launi. Ta kawo masa launuka uku masu sanyi ya zaɓi na bango a ciki, ya zaɓi kore mai haske ba tare da wani ɗoki ba, ni kuma na dage aka sa ja a zanin gado da kwanduna da maratayi. Jan bai hana shi barci ba. Bango mara hayaniya yana da daɗin kallo, wannan gaskiya ne, amma da mutum zai iya abu ɗaya kawai, ni zan ce ya sauya ƙwan fitila ya bar fenti.

Shawararta guda da na ƙi ɗungurungum ita ce ta bargo mai nauyi, irin wanda ake cusa wa ƙananan duwatsu ko ƙwayoyin roba don ya danne jiki. Ta ce yana sa yaro ya ji kamar an rungume shi. Gwajin da aka yi a Ingila a kan yara masu galahanga, wato autism, wanda aka wallafa a 2014, bai nuna ya ƙara musu tsawon barci ko saurin yinsa ba. A Disambar 2022 kuma kamfanin Target a Amurka ya janye irin waɗannan barguna na yara kusan 204,000, bayan yara mata biyu, 'yar shekara 4 da 'yar shekara 6, sun zuge zif ɗin rigar bargon sun shiga ciki sun kasa fita har suka rasu. Abin da amfaninsa bai tabbata ba kuma yana da irin wannan tarihi ba zai hau gadon ɗana ba. Na yi mamakin fitowar wannan shawara daga bakinta, domin a sauran al'amuran tsaro ba ta wasa.

Durowa da sif da kanta duk sai da aka ɗaure su a bango da ƙarfe da kusoshi. Kafinta ya ce durowar ai tana da nauyi, ba za ta faɗi ba. Ta jawo aljihunanta na sama duka, ta ɗora hannu ta ɗan danna, durowar ta sunkuyo gaba. Ta ce, "Malam, ka gani? Yaro matakala yake mayar da ita." Bai ƙara magana ba ya ɗauko abin huda bango. Tana da hujja. A Yunin 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo wa yara sun kashe su, kuma a Disambar 2022 ƙasar ta kafa dokar da ta tilasta wa masu ƙera irin waɗannan kaya gwajin tsayuwa. Ɗakin da ake koya wa yaro ya ɗauki kayansa da kansa dole ya zama ɗakin da komai ke daram, tunda hawa zai yi, ja zai yi. Soket ma duk ta sa an rufe waɗanda ba a amfani da su.

Ƙorafina babba a kan ma'aikatanta ne. Mun yi da ita fenti mai ruwa mara wari za a shafa, kuma wanda ba shi da dalma, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutar da yaro. A bango an yi haka. Amma mai fentin ya shafa wa kantoci da allon fenti mai mai, ranar da ba ta nan, wai ya fi ƙyalli ya fi ƙarko. Warin ya cika ɗakin har yana sa ciwon kai, dole aka fitar da katakan waje suka sha iska, Walid kuma ya ci gaba da kwana a ɗakinmu bayan an riga an gaya masa ranar da zai tare. Yaro ba ya manta alkawari, kullum sai ya tambaya. Kafintan ma ya bar kusurwar kanta da kaifi daidai goshin yaro, sai da na kira aka dawo aka goge. Ita kanta ba ta saurin amsa saƙo, idan aiki ya yi mata yawa sai ka yi ta jira. Ta ba da haƙuri, ta kuma tsaya aka gyara, amma wanda ya kawo ma'aikaci shi ke da alhakin tsayawa a kansa. Duk wanda zai ba da irin wannan aiki ya sa a rubuta nau'in fentin kowane abu a takarda, har na katako, kuma ya ga gwangwanin da idonsa kafin a buɗe.

Game da barci, ɗakin ya taimaka sosai, amma ba shi kaɗai ya yi aikin ba, ita ma ba ta yi da'awar haka ba. Ta bar mana takarda mai tsarin dare: a rage haske awa ɗaya kafin kwanciya, ya kwashe kayan wasa, wanka, rigar barci daga maratayinsa, littafi ɗaya da ya zaɓa, sannan ya kashe fitilarsa. Ƙwararrun likitocin barci na Amurka sun ce ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar awa 10 zuwa 13 a yini da dare, har da barcin rana, ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. A da Walid ba ya kaiwa, yanzu yawancin ranaku yana kaiwa. Har yanzu akwai daren da yake zuwa ɗakinmu, musamman idan ya yi mugun mafarki ko jikinsa ba daɗi, kuma ba na korarsa. Bambancin shi ne yanzu idan na raka shi yana komawa ba tare da kuka ba.

Ziyararta ta ƙarshe ta zo ne bayan ya saba da ɗakin. Ba ni ta tambaya ba, shi ta tambaya me ke ba shi wahala. Ya ce maratayin tawul, sai ya yi tsalle. Ta duba, ashe kafinta ya kafa shi sama da alamar fensir kaɗan, ta sa aka sauko da shi nan take. Ta kuma nuna mini ramukan da ta sa aka huda a jere a cikin sif, don a riƙa ɗaga sandar rataye kaya yana ƙara tsawo, ta ce teburin karatu a bari sai ya fara aikin gida na gaske, a auna shi a lokacin. Na gaya mata idan ƙanwarsa ta isa raba ɗaki ita zan sake kira, amma mai fenti ni zan kawo nawa.